Gumi, Fura da Goro: Tarihin Abin Shan Manomi a Ƙasar Ɗanbatta

Masu rubuta tarihin ƙasar Kano sun fi mayar da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da ayarin fatake. In sun waiwayi manomi, sai su ƙidaya damman geronsa da buhunan gyaɗarsa da harajin da ya biya, su wuce. Ba kasafai ake tambayar abin da ya jiƙa maƙoshinsa da shi tsakanin hantsi da azahar ba. Alhali kuwa duk dalar gyaɗar da aka taɓa tayarwa a birnin Kano da gumin wani aka tayar da ita, gumi kuwa ruwa ne da gishiri da suka bar jikin mutum, waɗanda dole a mayar masa da su ko ya faɗi a kunya. Ni ɗan ƙasar Ɗanbatta ne, a gidan noma na tashi, kuma abin da nake son bibiya a nan shi ne tarihin abubuwa iri biyu da manominmu ya dogara da su a bakin aiki: wanda yake biyan jiki abin da ya rasa, da wanda yake hana jiki yin ƙorafi.

Ɗanbatta tana arewa da birnin Kano, a kan hanyar Kazaure da Daura. Ƙasa ce mai jigawa, gona haɗe da gona, ƙauye na hango ƙauye. Irin wannan cunkoson gonaki ne Bature Michael Mortimore ya yi ta nazari a kewayen Kano tun shekarun 1960, yana mamakin yadda ƙasar da ba a barinta ta huta take ci gaba da ciyar da jama'a. Amsar ita ce taki da hannu. Inda ba saura, ba sabon daji, abin da ya rage wa magidanci shi ne ya ƙara aiki a kan ɗan filin da ya gada. Damina kuma gajera ce, ba ta jiran kowa. Da an yi shuka ta tsiro, noman firi ya taso, in aka yi sakaci na 'yan kwanaki ciyawa ta riga gero. Sai maimai ya biyo baya, ga huɗa, ga gyaɗa da wake suna jiran nasu. A waɗannan makonni, mutum yana duƙe bisa fartanya tun fitowar rana, iska ta yi nauyi da raɓa, gumi na zuba ba ya bushewa.

Masana aikin jiki sun auna wannan asara. Mai aikin ƙarfi a cikin zafi yana iya zubar da gumi lita ɗaya a sa'a guda, wani ma ya haura haka, kuma a kowace lita akwai gishiri kamar giram biyu zuwa uku, gwargwadon jikin mutum da sabonsa da zafi. Idan ruwan da ya fita ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki, ƙarfin aiki ya fara ja da baya, zuciya ta ƙara gudu don ta tura jinin da ya ragu. Ga mai nauyin kilo 60, wannan bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba. Ke nan kafin hantsi ya dubi ludayi, manomi ya riga ya ci bashin jikinsa.

Da me yake biya? Da safe akwai koko ko kunu ko ɗumamen tuwo. Akwai gorar ruwa da ake ajiyewa a gindin gawo ko ɗorawa don kada rana ta dafa ta. Amma babban abin jira shi ne ƙwaryar fura, wadda yara suke ɗaukowa daga gida idan rana ta ɗaga. Na yi wannan aike ina yaro, kuma na san yadda idon masu noma yake komawa ga hanya tun kafin a hango faifan da aka rufe ƙwaryar da shi. Aikin fura ba ƙarami ba ne: a surfa gero, a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da masoro, a cura, a dafa, a sake kirɓawa a turmi, sannan a dama da nono da ruwa. Nonon kuwa yana da nasa tarihin a wannan yanki. Ƙasar Ɗanbatta mazaunin Fulani ce tun kafin jihadi, gidan Dambazawa ne ke riƙe da ita da sarautar Sarkin Bai, kuma tsohuwar ma'amala ce tsakanin mai gona da mai shanu, shanu su ci kara da harawa bayan girbi su bar taki, matan ruga su shigo da tsala da kindirmo su koma da hatsi. Gidan da bai samu nono ba sai ya yi farau-farau, ko a dama da ruwan tsamiya. A ranar gayya, mutuncin mai gona yana cikin girman ƙwaryar da ya fitar, kuma ba a sha a tsaye. Sai an ajiye fartanya, an koma inuwa, ludayi ya zagaya.

Fura dai ba ta da gishirin kirki, in ban da ɗan abin da ke cikin nono. Wannan gibi miyar dare ce take cike shi, da daddawarta da kanwarta da gishirinta. Shi ya sa nake ganin tarihin gishiri a ƙasar Hausa a matsayin wani ɓangare na tarihin noma. Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Asbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Daga nan ayarin raƙuma ya yi ta sauko da kantun Bilma, jakuna suna kawo mangul da kanwa daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Cadi. Makiyayi ya san dabbarsa tana bukatar lasar kanwa tun kafin wani ya rubuta dalili.

Rubuta dalilin ya zo ne daga wurare masu nisa, kuma ba don tausayin manomi aka fara shi ba. A ramukan haƙar kwal na Ingila, ma'aikata sun daɗe suna fama da wata irin murɗewar tsoka mai tsanani idan sun yi gumi sun kwankwaɗi ruwa. A 1923 wani masani mai suna Neville Moss ya danganta abin da asarar gishiri, aka fara zuba ɗan gishiri a ruwan shansu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Edward Adolph da abokan aikinsa suka bi sojojin Amurka cikin hamadar Kalifoniya da sikeli, suna auna su kafin tafiya da bayanta, suka buga sakamakon a 1947. Sun rushe tsohon zaton hafsoshi cewa ana iya horar da soja ya saba da rashin ruwa. Jiki yana sabawa da zafi, amma ba ya sabawa da ƙishirwa. Sun kuma lura da abin da ya fi jan hankalina, wato mai aiki a rana ba ya shan gwargwadon abin da ya zubar ko da ruwan yana gabansa, sai ya zauna cin abinci ne yake cike gibin. Wannan shi ne zaman ƙwaryar fura a gindin gawo. A nan gida ma an taɓa irin wannan aiki. A shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka tana da cibiyar binciken aikin jiki a yanayin zafi a Oshodi ta Legas, inda W. S. S. Ladell ya yi shekaru yana auna gumin mutane da gishirin da ke cikinsa. Abin da Turawa suke so su sani shi ne iyakar abin da za a iya tatsa daga soja da lebura, amma awon da aka yi ya amfani kowa.

Babban sirrin sai a 1960 ya bayyana, lokacin da Robert Crane ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa da sukari da gishiri suke shiga tare, ɗaya ba ya wucewa ta cikinta sai da ɗan'uwansa, ruwa kuma ya bi bayansu. Hanyoyi biyu suka fito daga wannan sani. Ɗaya ta nufi filin wasa: a 1965 Robert Cade na Jami'ar Fulorida ya haɗa wa 'yan ƙwallon makarantarsa ruwa da gishiri da sukari, abin da ya zama Gatorade, uban duk lemunan 'yan wasa na yau. Ɗayar ta nufi gadon majinyaci. Likitoci a Daka da Kalkata suka gwada haɗin a kan masu kwalara, sannan a 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladesh, Dilip Mahalanabis da ruwan ƙarin jini ya ƙare masa ya koma ba mutane ruwan gishiri da sukari da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Wannan haɗi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yayata a Nijeriya sa'ad da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, har ya zama iyayenmu mata sun haddace awonsa daga rediyo da asibitin sha-ka-tafi.

Abin da ya biyo baya ya fi kusa da turminmu. A farkon shekarun 1980 masu bincike a Daka suka maye gurbin sukari da garin shinkafa dafaffe, suka ga yana aiki, a wajen masu kwalara ma har ya fi rage gudawa. Dalili shi ne hatsi yana narkewa ya zama sukari sannu a hankali, ba ya taruwa a hanji ya jawo ruwa daga jiki kamar yadda zaƙi mai yawa yake yi. Wato dai kunu mai ruwa-ruwa da aka sa wa gishiri daidai kima. A 2016 kuma Ronald Maughan da abokansa a Birtaniya suka ba maza 72 abubuwan sha iri 13, suka auna fitsarinsu na sa'o'i huɗu, suka tarar madara tana daɗewa a jiki fiye da ruwa zalla, tana kafaɗa da kafaɗa da ruwan gishiri da sukari na asibiti. Madarar kanti suka gwada, ba tsalar ruga ba, amma abubuwan da suka sa ta riƙe ruwa, wato gishirinta da sinadarin gina jiki, suna nan a nonon da ake dama fura da shi.

Kada dai wannan ya sa mu ɗauka cewa duk abin da kaka ta bari daidai ne. Ruwan da manomi yake sha a da, sau da yawa na tafki ne ko kududdufi, kuma a cikinsa kurkunu take. Tana shiga jiki a bana ta fito baɗi, daidai lokacin noma, ta kwantar da magidanci makonni gonarsa na cika da ciyawa. A ƙidayar 1988 an samu masu ita fiye da 650,000 a Nijeriya, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita, bayan aikin tace ruwa da haƙa rijiyoyin burtsatse. Gishirin ma kaifi biyu gare shi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin yawaitar ciwon zuciya ga masu jego, suka alaƙanta shi da yawan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken baya-bayan nan a Kano ya ƙaro da batun ƙarancin sinadarin seleniyam, amma gargaɗin farko bai tashi ba: abin da ke amfanin mai gumi a gona yana iya nauyaya zuciyar macen da ba ta daɗe da haihuwa ba.

Sai mu juya ga abu na biyu, wanda ba a damawa a ƙwarya, a aljihu ake sa shi. Goro ba ya tsirowa a ƙasarmu, amma ya shiga rayuwarmu har ya zama ba a ɗaurin aure ko raɗin suna sai da shi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina goro dubu goma, kuma magajinsa Abdullahi Burja ne ya buɗe hanyar Gwanja. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan fatauci, ayari yana tashi daga Kano ya yi watanni kafin ya isa Salaga, a ƙasar Gana ta yau, inda ake kawo goron dazukan Asante. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shigowa birnin a shekara ya haura kayan jakuna 500, ya kuma kwatanta matsayinsa a wurin mutane da na gahawa da shayi a Turai. Yaƙin basasar Salaga na 1892 da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 suka karkatar da hanyar ta teku da Legas, hanyar da Alhassan Ɗantata ya fara tara dukiyarsa a kanta kafin gyaɗa. Daga baya Yarabawa suka dasa irin a ƙasarsu, kuma har yau sunan da suke kiransa da shi daga kalmar Gwanja ya samo asali. Da goro ya yi araha, sai ya sauko daga zauren attajiri zuwa bakin ɗan dako da manomi.

Turawa sun bi sawunsa da kwalaben gwaji. A 1865 aka tabbatar a Landan cewa goro yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa. A shekarun 1880 Édouard Heckel na Faransa ya yi ta tallata shi ga rundunar sojan ƙasarsa a matsayin maganin gajiyar tafiya, a 1886 sunansa ya shiga Coca-Cola ta John Pemberton, wani kamfanin magani na Ingila kuma ya haɗa shi da hodar ibilis ya yi ƙwayar da masu ratsa ƙanƙarar kudancin duniya suka riƙa tafiya da ita. Yadda kafeyin yake aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Duk lokacin da jiki yake aiki, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne manzon da ke kai saƙon gajiya. Kafeyin yana zuwa ya zauna a kujerar da manzon zai zauna, saƙo ya rasa mai karɓa. Amfaninsa gaskiya ne: a gwajin David Costill na 1978, masu tseren keke da suka sha miligiram 330 sun kai minti 90 kafin su gaza, maimakon 75. Sai dai bai ƙara wa jiki ko ɗigon ruwa ba, bai mayar da gishiri ba. Gajiyar tana nan, mai kawo labarinta ne aka tsare a ƙofa. In ya yi yawa kuma, ga bugun zuciya da fargaba da rashin barci. Hukumar kula da abinci ta Turai ta sa iyakar miligiram 400 a yini ga baligi mai lafiya.

A ganina goro ya zo da takunkuminsa. Yana da ɗaci, ba a gaggawar taunarsa, kuma ɗabi'a ta hana mutum ya ci shi kaɗai a gaban jama'a, sai ya ɓare ya miƙa. A gayya, bayan fura yake zuwa. Mai ɓoye gajiya yana bin bayan mai biyan bashi ne, kuma wannan jeri, ko da ba da niyya aka tsara shi ba, ya kare mutane.

Abin da ya sauya a shekaru hamsin ɗin nan shi ne tsarin aikin kansa. Madatsun ruwan da aka gina a Jihar Kano tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, har da ta Tomas da ke wannan yanki namu, sun kawo noman rani, wanda alheri ne babba, amma ya sa mutane aikin ƙarfi a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, lokacin da kakanninmu suke saƙa a inuwa ko sun tafi cin rani. Gandu ya rarrabu, gayya ta yi ƙaranci, ƙwadago na jinga ya maye gurbinta. Wanda aka yi jinga da shi kan kunyoyi, ko kan buhunan da zai sauke a kasuwar Lahadi ta Ɗanbatta, duk mintin da ya zauna a inuwa daga aljihunsa ya fita. Irin wannan mutum abin da yake nema shi ne wanda zai haɗiya a tsaye. Kasuwa kuwa ba ta ƙi ba. Aka fara da shayi mai kauri, sai gadagi, wanda masana a Jami'ar Bayero suka yi ta nazarin tasirinsa ga hanta da ƙoda, sai lemunan ƙara kuzari. Gwangwani mai mililita 250 na irin da ya fi shahara a duniya yana da kafeyin miligiram 80 da sukari wajen giram 27, kaurin zaƙin da ya ninka na ruwan gishiri da sukari na asibiti kusan sau takwas, gishirinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Ana sayar da shi da hoton ƙarfi, ana shansa da sunan kashe ƙishi.

Ƙarshen wannan layi shi ne tiramadol. Maganin ciwo ne dangin ofiyom, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1977. Abin da hukuma ta amince da shi a Nijeriya miligiram 50 ne da 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yana kai 200 da 225. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga cikinsu da irin waɗannan magungunan ciwo, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Muna yawan magana a kan abin kamar lalacewar tarbiyya ce kawai, muna mantawa da cewa da yawa daga cikin masu sha da fartanya a kafaɗa suka fara. Goro gajiya yake rufewa, ita kuwa ƙwayar ciwon kansa take rufewa, ciwo kuwa shi ne gargaɗin ƙarshe da jiki yake da shi. Ga farfaɗiya, ga kamuwa da ita har a kasa tashi in babu. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, wadda ta cire kafeyin daga jerin haramtattu a 2004, ta sa tiramadol a jerin daga Janairun 2024. Ɗan tseren keke a Turai yana da mai gwada fitsarinsa, ɗan ƙwadago a fadamar Tomas ba shi da kowa.

Akwai inda aka ga makomar irin wannan aiki. A ƙasashen Nikaragwa da El Salbado, dubban masu yankan rake sun mutu da ciwon ƙoda ba tare da ciwon sukari ko hawan jini ba, kuma masu bincike da yawa sun ɗora alhakin a kan aikin jinga cikin zafi da bushewar jiki kullum. A 2015 aka yi gwaji a wata gonar rake ta El Salbado: aka ba kowa jakar ruwa ta goyo, aka kafa rumfunan tafi-da-gidanka, aka wajabta hutu a kai a kai, aka kuma sauya musu adda. Raken da mutum yake yanka a yini bai ragu ba, ƙaruwa ya yi.

Irin wannan awo nake fatan gani a gonakinmu, kuma ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a nan Ɗanbatta, ga ɗalibanta. Sikeli ɗaya a bakin fadama ya isa a auna masu aiki da safe da yamma a watan Afrilu, a rubuta abin da kowa ya sha, a raba masu fura da masu gwangwani da masu ruwan leda. A kai damun fura da kunun tsamiya ɗakin gwaji a Kano, a faɗa wa matan da ke sayar da su a bakin kasuwa ko ɗan gishiri nawa za a ƙara wa ƙwarya guda a watannin bazara, da awon da suka sani, na ludayi da cokali.